Oga ya ce "he be" buroka ce, in kai masa hujja a gaban mutane?

Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikata, ni nake rubuta minit na mitin da memo na sashenmu. Kwanaki na rubuta "The committee recommends that he be transferred to the store", sai oga ya sa jan biro ya kewaye "be" ya rubuta "is" a samansa, ya ce a gaban abokan aiki wai wannan ai buroka ce, aka yi ta dariya, har yanzu wasu da "he be" suke tsokanata. Ni kuma na tuna malaminmu na sakandare haka ya koya mana a wani darasi wai shi "mood". Dama can ba ma shiri sosai da ogan, ya taɓa cewa saƙonnina kamar ni ne ogansa, alhali sai na gaishe shi tukunna nake rubuta abu kamar "Sir, sign the file today, I want to submit it". Dan Allah wa ke da gaskiya? In buga hujja daga intanet in kai masa a gaban waɗanda suka yi dariyar? Kuma wai "mood" ɗin nan nawa ne, don ina shirin jarabawar ƙarin girma.

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da abin da ka fi son ji don hankalinka ya kwanta, jimlar da ka rubuta daidai take, babu kuskure ko ɗaya a cikinta, "that he be transferred" Turanci ne tsantsa kuma irin na kotu da majalisa da takardun gwamnati ma kuwa. Amma dakata, kar ka ruga wajen mai fotokofi tukunna, don ni abin da ya tsaya mini a wasiƙarka ba "be" ɗin nan ba ne, wancan saƙon ne da ka ambata a wuce kamar ba komai ba, na "sign the file today". Za mu zo kansa.

Abin da malaminku ya kira "mood" yanayin aikatau ne, wato yadda kalmar aiki take sauya siga don ta nuna inda mai magana ya tsaya game da abin da yake faɗa, shin labarin abin da yake akwai yake bayarwa, ko umarni yake yi, ko kuwa abu ne da bai faru ba ana so ne ya faru ko ana ƙaddarawa kawai. Na labarin shi ne "indicative", na umarni "imperative", na buƙata da fata da ƙaddarawa kuma "subjunctive", kuma a wannan na ukun rigimarku da oga take.

Kai da kake Bahaushe ai kullum cikinsa kake, baka dai lura ba ne. Duba "na ce sun tafi" da "na ce su tafi". Harafi ɗaya ne tsakaninsu amma na farko mutanen sun riga sun kama hanya, na biyu suna nan zaune ana so ne su tashi. In mutum ɗaya ne ma rubutun iri ɗaya ne sak, "na ce ya tafi", sai a baki ake rabewa, ɗaya ana jan "ya" ɗin da murya a sama, ɗayan gajere ne a ƙasa, kuma ko yaron da bai shiga firamare ba ba ya rikicewa. To "he is transferred" shi ne an mayar da shi, "that he be transferred" shi ne a mayar da shi. Kwamitinku bai mayar da kowa sito ba, shawara ya bayar cewa a mayar, mai yiwuwa ma darakta ya ƙi amincewa, kaga kuwa sigar da ka zaɓa ita ce ta faɗi gaskiyar abin da ya faru a ɗakin mitin.

Ƙa'idar ba ta da wani tsawo. Bayan kalmomi irin su "recommend", "suggest", "insist", "demand", "request", "propose" da "move", da kuma irin su "it is essential that" ko "it is important that", aikatau ɗin da ya biyo baya tsurarsa yake zuwa ba tare da an liƙa masa komai ba. Shi ya sa za ka ga "I suggest that she go" babu "es" a ƙarshe, ka ga "that he be" maimakon "is". Ko da jimlar ta koma labarin jiya ba ya motsawa, "the committee recommended that he be transferred", ba "was" ba. In za a kore shi kuma babu ruwansa da "does", sai dai "that he not be transferred", wanda na san in oga ya ga wannan sai ya nemi sabon biro. Kuma ba ado ba ne kawai, wani lokacin ma'ana ce sukutum take juyawa, "I insist that he is in the office" na nufin na dage yana cikin ofis yanzu haka, ku je ku duba, "I insist that he be in the office" kuma na nufin dole ya kasance a ofis, ban yarda ya fita ba.

Abin dariyar shi ne ogan naka da kansa ya sha jin wannan sigar, kuma da wuya a ce bai taɓa furta ta ba. Duk mitin da aka yi sai wani ya miƙe ya ce "I move that the minutes be adopted", a ƙarshe wani ya ce "that the meeting be adjourned". Kunna talabijin lokacin zaman majalisa a Abuja ka ji yadda ake neman "that the bill be read a second time". Jawabin shugaban ƙasa na 1 ga Oktoba kuwa yawanci da "God bless the Federal Republic of Nigeria" ake rufe shi, ko "Long live", ba wanda ya taɓa cewa a gyara ya koma "blesses" ko "lives", don addu'a ce ba labari ba, daidai da namu na Allah ya albarkaci ƙasa, Allah ya ja zamanin sarki. Irin su "so be it" da "come what may" da "be that as it may" duk 'yan gida ɗaya ne. Sun zama jiki ne har kunne ya daina jinsu a matsayin baƙi.

Amma in za mu yi wa ogan adalci, kunnensa yana da dalili. Na farko a buroka "be" ko'ina shiga yake, "who you be", "na so e be", to wanda ya saba jin haka da ya ga "he be" a takarda abin da zai fara zo masa kenan. Na biyu kuma tarihi ne. A tsohon Turanci, tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, wannan yanayin yana da nasa ɗafe-ɗafen a ƙarshen aikatau, ana ganinsa ƙarara, sai a ƙarnonin da suka biyo baya waɗannan ƙarshen suka yi ta zaizayewa har ya zamana alamu uku kacal suka rage, rashin "s" ɗin nan, da "be", da "were". Ya yi rauni a Ingila sosai har wani masanin Turanci mai suna Fowler ya rubuta a 1926 cewa abin yana bakin mutuwa in ban da 'yan wurare ƙalilan. Turawan Ingila sai suka fi karkata ga sa "should", su ce "that he should be transferred", a maganar yau da kullum ma za ka ji sun ce "that he is transferred" ɗin nan irin ta oga. Amurkawa ne suka riƙe sigar tsurar da ƙarfi, a wajensu ita ce ta kowa da kowa, kuma daga baya ta sake samun gindin zama a rubuce-rubucen Ingilan ma. Mu kuma aikin gwamnatinmu da makarantunmu daga hannun Ingila muka gada, saboda haka wanda ya yi shekara da shekaru yana karanta fayil "should" ɗin ya fi sabawa da shi. Wato "is" ɗin da ya rubuta ba zunubi ba ne, akwai Turawan da za su faɗe shi, sai dai naka ya fi dacewa da minit. Inda ya zame shi ne kiranta buroka, da kuma yin hakan a gaban mutane.

Yanzu batun kai masa hujja. A'a, kar ka yi. Wallahi ko da ka ɗauko littafin nahawu mafi kauri a duniya ka buɗe masa shafin a gaban yaransa, ba zai ji nahawu ba, cin fuska zai ji, kuma waɗanda suka yi maka dariya ba tafi za su yi maka ba, gefe za su koma su ga yadda za ta kaya, alhali mutumin nan shi zai sa hannu a fom ɗinka na ƙarshen shekara kuma ga ƙarin girma kana nema. Mafita tana nan mai sauƙi, daga yau in takarda wajensa za ta je ka rubuta "that he should be transferred". Daidai ce ɗari bisa ɗari, ma'anar ba ta canza ba, ba ka rubuta abin da ka san bai yi ba, shi ma ba shi da abin kewayewa. In har abin ya ƙi barin ranka, ka bari sai ranar da kuka keɓe yana cikin nishaɗi ka kawo shi a sigar tambaya, ka ce ranka ya daɗe wani abu ne ya ɗaure mini kai, na ji a mitin ana cewa "that the minutes be adopted", shi wannan yaya yake? Shikenan ka ja bakinka. In mai ganewa ne ya gane, in bai gane ba ma ba ka yi asarar komai ba. Masu tsokana kuwa in ka nuna abin yana maka ciwo ne suke ci gaba, ka taya su dariya kawai.

Tunda jarabawa ce a gabanka bari in taɓa ɗaya reshen, na "were", don shi masu tsara tambayoyi suka fi so. A nan ma Hausa ta riga ta share maka hanya da "in" da "da". "In na samu kuɗi zan sayi babur" akwai sa rai, "da ina da kuɗi da na sayi babur" kuwa kowa ya san aljihu wayam. Turanci ba shi da kalma ta dabam irin "da" ɗinmu, "if" ɗaya ce gare shi, sai ya ja aikatau baya zuwa sigar abin da ya wuce don ya nuna cewa ƙaddarawa ce, "if I have money, I will buy it" ya koma "if I had money, I would buy it", in kuma damar ta riga ta kuɓuce sai a ƙara ja baya, "if I had known, I would have come", ko a taƙaice "had I known". Wanda muke yawan ji a nan na "had it been I know" ka bar shi a majalisar shayi, kar ya shiga takardar amsa. Idan aikatau ɗin "be" ne sai ya zama "were" ko da mutum ɗaya ne, "if I were the director", "I wish he were here", "he talks as if he were the owner". Turawan kansu suna cewa "if I was" a hira kuma ba wanda zai kama su, amma a jarabawa "were" za ka zaɓa. Sai dai ka kula, in abin zai iya yiwuwa ya faru da gaske "was" ne daidai, misali "if he was in the office yesterday, he saw the file", don nan ba ƙaddarawa kake ba, ba ka dai tabbatar ba ne. Akwai kuma "it is high time we left", da "I would rather you came tomorrow", su ma sigar jiya suke ɗauka alhali ba a tashi ba, ba a zo ba. Af, "if I were you" kuma duk da kyanta a nahawu, ba a faɗa wa oga ita.

Yawan "mood" ɗin kuwa, in an tambaye ka, ka ce uku. Wasu littattafan suna kai su biyar, su ƙara na tambaya da na sharaɗi, amma masana da yawa na ganin waɗannan tsarin jimla ne ba sigar aikatau ba. Babban littafin nahawun Turanci na Cambridge da Huddleston da Pullum suka fitar a 2002 ma ya tafi a kan cewa yawancin wannan aikin yanzu 'yan ƙananan kalmomin taimako ne suke yinsa, irin su "can", "may", "must", "should", "would". In ka taɓa zama gaban malamin zaure aka biya maka nahawun Larabci, ka tuna yaktubu da an yaktuba da lam yaktub, rafa'i da nasabi da jazmi, to Turawa masu nazarin Larabci da wannan sunan na "mood" suke kiran su, kaga a can ƙarshen kalma ne yake ɗaukar nauyin, a Turancin yau kuwa kusan duk ya zube.

To mu dawo kan saƙon nan. "Sir, sign the file today, I want to submit it." Ƙanena, ogan nan yana da gaskiya a nan, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya daɗe yana cinsa har ya samu "be" ya huce a kai. "Sign" a farkon jimla babu komai a gabansa shi ne yanayin umarni tsagwaronsa, irin wanda ake ce wa yaro zauna, tashi, kawo. Ka juya shi Hausa ka ji, yallabai sa hannu a fayil ɗin nan yau, ina so in miƙa. Za ka iya tsayawa gaban tebur ɗinsa ka faɗi haka? Ba za ka iya ba, cewa za ka yi ranka ya daɗe ko za a taimaka a duba mana fayil ɗin nan. Duba abin da bakinka ya yi da kansa, ka ɓoye shi a bayan "a", ba ka ce "ka" ba, ka sa "ko" ka mayar da abin tambaya, ka bar masa ƙofar cewa ba yanzu ba. Duk wannan ladabin kana da shi, amma da ka koma Turanci sai ya zube a hanya saboda ka ɗauka "Sir" da gaisuwa sun isa. Ba su isa ba. Turanci ba shi da "a" ɗinmu na sakayawa, ba shi da "ku" na girmamawa, "you" ɗaya ce ga yaro da sarki, saboda haka girmamawarsa kusan duk a cikin sigar aikatau take zaune. Ko "please" ma ba ta fitar da kai gaba ɗaya, "please sign the file today" har yanzu umarni ne, an dai sassauta shi, ya yi tsakanin sa'annin juna ko daga sama zuwa ƙasa, amma daga ƙasa zuwa sama da sauran gyara.

Yadda suke yi shi ne su mayar da umarnin tambaya, sannan su ja shi baya irin ja da bayan da muka gani a ƙaddarawa. "Can you sign" ya fi "sign" laushi, "could you sign" ya fi "can you" laushi, ba don ana maganar jiya ba, sai don sigar tana nuna kamar abin ƙaddarawa ne kawai, ba ka ɗora masa dole ba. Haka "would you mind signing", ka lura bayan "mind" aikatau da "ing" yake zuwa. A rubutu na ofis kuma "I would be grateful if you could sign" ita ce ta fi zama lafiya. "I want" ma ka rage ta in da babba kake magana, "I would like to" ake cewa, kuma "would" ce ba "will" ba, don "I will like to" ɗin da ta cika takardun neman aiki a ƙasar nan kuskure ce a ma'aunin jarabawa. "Kindly" da muke ji da ita, a ofisoshinmu ta karɓu ba laifi, amma ita ma a kan umarni take hawa, kuma ga Baturen Ingila wani lokacin tana fita kamar ta wanda ransa ya fara ɓaci, to in imel ɗin waje zai tafi gara "could you".

Sai kalmar "today". Ko ka gyara komai in ka bar ta haka tsirara kai ne ka yanka wa oga wa'adi. Ka ɗora wa'adin a kan wanda ya sa shi, ka faɗi dalili. Misali ka rubuta "Good morning Sir. I would be grateful if you could look at the file on your table when you have a moment, as it is due for submission today." Buƙatar ba ta canza ba, gaggawar ma tana nan, amma yanzu ranar miƙawa ce take matsa muku ku biyu, ba kai kake matsa masa ba.

Ba sai ka je ba shi haƙuri a kan tsofaffin saƙonnin ba, tono su zai ƙara tuna masa ne kawai, ka dai buɗe WhatsApp ɗinka ka karanta na baya da ka tura masa, duk wanda ya fara da aikatau tsura irin "send", "check", "call", "approve" ka san irinsa ne ba za ka sake ba. Kuma kar ka wuce gona da iri ka koma sa "I would be grateful" a ko'ina. Sanarwar da za a liƙa a allo, ko umarnin cike fom, ko saƙo ga abokinka da kuke tebur ɗaya, nan "submit your forms before Friday" ko "send me the number" daidai suke, in ka yi musu dogon kewaye ma sai a ɗauka gatse kake.